ZAUREN MAKANIKAI: Saita Sitiyarin Mota Mai Rimot Domin Babban Gudu

 Wasiƙu huɗu suka iso mana a watan nan. Uku a kan janareto ne, masu su kuwa sai su yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa, domin ta huɗun ce ta ɗauke mini hankali. Wani ƙanenmu mai gyaran waya a Adjamé, can wajen Forum, shi ya rubuto. Ya ce shi da abokinsa mazaunin Treichville suka haɗa kuɗi suka yi odar ƙaramar mota mai rimot, irin wadda ake ce wa mai telekomand a nan garin, suka cire injin da ta zo da shi suka sa marar gawayi, suka ɗora mata batir mai ɗaki uku. Gudu kam ta samu. Amma da zarar ta haura kilomita 60 a awa sai ta kama rawar kai, ta yi dama ta yi hagu kamar mashayi, in an ɗan taɓa sitiyari don a gyara ta sai ta wuntsila. Sau biyu ke nan suna karya hannun tayar gaba, kuma kowane karo sai an yi makonni ana jiran sabo ya iso. Tambayarsa ita ce: wane sarbo mai tsada zai saya ya rabu da wannan masifa?

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Abin da ka gani an rubuta masa Yuro 100 a intanet, jika 65 da 'yan kai ne a kuɗinmu, ban da kuɗin jirgi da na duwan, kuma galibin abin da ke damun motarka da sukundireba da ruwan ido ake gyara shi.

Na san akwai dattawan da za su ce yau kuma zaure ya koma wasan yara. Alhaji, a yi haƙuri a ƙarasa karatun. Tun shekarar 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot, samfurin Porsche 934. A 2011 kamfanin Traxxas na Amurka ya kawo wata mai suna XO-1 wadda ke kai kilomita 160 a awa. A 2014 wani Ba'amurke, Nic Case, ya kai kilomita 325 a awa da motar da ya ƙera da hannunsa, a jihar Utah, daga baya ma wasu sun wuce shi. Duk abin da ke ƙarƙashin motar haya yana ƙarƙashin waɗannan: shakazoba, boris, giya, sandunan sitiyari. Yaron da ya iya saita su ya yi rabin hanyar zama makanike.

Sai dai a bambance. Motocin da ake jibgewa a kasuwar Adjamé da ta Treichville gabanin sallah da ƙarshen shekara, yawancinsu sitiyarinsu matsayi uku gare shi: dama gaba ɗaya, hagu gaba ɗaya, ko miƙe. Irin wannan ba ta saituwa, kuma ba da ita muke ba. In kana so ka gane tun a gaban mai shago, ka ce a sa batir, ka murɗa sitiyarin rimot ɗin kaɗan. In tayoyi suka motsa kaɗan, ka ƙara suka ƙara, to akwai sarbo a ciki, watau ɗan injin da ke juya tayoyin gaba daidai gwargwadon yadda hannunka ya juya. In kuwa suka yi tsalle zuwa ƙarshe lokaci guda, saya wa ƙaramin yaro, ya fi dacewa da ita. Kada kuma lambar gudun da ke jikin kwali ta ruɗe ka, wasu gudun kwatanci suke rubutawa, sun ninka na gaskiya da goma.

To yanzu mu zo ga dalilin rawar kan. Ku dubi direban gbaka in yana fitowa daga tashar Adjamé, hannu bisa hannu yake murza sitiyari har ya ƙure. Shi ɗin dai in ya hau Autoroute du Nord ya miƙa, da ƙyar za ka ga hannunsa ya motsa. Ba lalaci ba ne. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana, in gudu ya ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. In gudu ya ninka uku, shi sau tara. Taya kuwa iyakar riƙonta ɗaya ne, ba ya ƙaruwa don ka ƙara wuta.

Bari mu sa lissafi, domin a nan maganar take. Mu ɗauki mota mai girman kashi ɗaya cikin goma, wadda tsakanin tayarta ta gaba da ta baya santimita 26 ne, a bisa kwalta mai tsabta da taya mai riƙo sosai. A gudun kilomita 20, za ta iya zagaya da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 3 ne, tayoyin gaba kuma su karya wajen digiri 5. A kilomita 60, da'irar ta koma mita 28, karyar da ake bukata kuwa rabin digiri. A kilomita 100, da'irar ta kai kusan mita 80, karyar taya kuma kashi ɗaya cikin biyar na digiri ɗaya. A aikace takan ɗan fi haka saboda taya tana ɗan zamewa kafin ta kama, amma ba ta yin nisa da wannan. In akwai ƙura ko yashi a kan kwaltar, riƙo ya ragu da rabi, da'ira ta ninka.

Ga inda gizo ke saƙa. Motar da aka fito da ita daga kwali, tayoyinta sukan karya digiri 25 zuwa 30 kowane gefe, sitiyarin rimot shi ma kusan haka yake juyawa. Watau digiri ɗaya a hannunka, kusan digiri ɗaya ne a taya. A motar gaske sai ka juya sitiyari wajen digiri 15 kafin taya ta karya digiri ɗaya, shi ya sa direba ke da sarari. Kai kuwa rawar hannu kaɗai, irin ta wanda ya sha shayi mai kauri, ta ninka abin da motar za ta iya ɗauka sau biyar. Sa'an nan a gudun kilomita 100 mota tana cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, yatsa ya motsa, rubu'in daƙiƙa ya wuce, mita 7 ke nan. Gyaran da ka aika ya iske motar ta riga ta juyo da kanta, sai ya ƙara mata. Ka sake gyarawa ɗaya gefen, ya ƙaru. Kashi mai yawa na rawar kan nan daga hannun mai tuƙi take fitowa, kuma sarbo mai saurin gaske ƙara ta zai yi.

Duk da haka ba da rimot ake farawa ba. Da hannu ake farawa. Ɗora motar a kan kwali yadda tayoyi za su rataye, kunna ta, ka kama tayar gaba da yatsu biyu ka girgiza ta dama da hagu a hankali. Duk motsin da ta yi alhali sarbo bai motsa ba, wannan sako-sako ne, kuma shi ne babban maƙiyi. Hannun da sandar sitiyari ke ja a jikin taya bai fi milimita 20 ba; in akwai wasan milimita ɗaya tak a wurin, taya tana da 'yancin yawo digiri 3. Ka tuna da kashi ɗaya cikin biyar ɗin da muka lissafa. Motar da ke da irin wannan wasa, ba kai ke tuƙa ta ba, tsakuwar hanya ce ke tuƙa ta.

Bi wasan gaɓa gaɓa. Kofunan roba da ke hawa kan ƙwallayen ƙarfe a bakin sanduna su ne suka fi saurin cinyewa. In babu sababbi, akwai tsohuwar dabara: cire kofin, ɗora 'yar siririyar leda a kan ƙwallon, ka danna kofin ya koma a kanta, ka yanke abin da ya yi saura. Wasa ya tafi, gaɓa kuma tana juyawa. Duba boris na cikin taya, wanda makanikan nan ke kira rulma. In yana ƙara ko yana girgiza, sake shi. Duba notin taya. Duba sukurorin da suka riƙe sarbo a jikin mota, don sau da yawa sarbon gaba ɗayansa ke motsi ana zargin waninsa. Akwai kuma wani abu mai sifirin tsakanin sarbo da sanduna wanda aikinsa ya saki in taya ta bugi dutse, don kada haƙoran sarbo su karye. Yana da amfani, amma in sifirinsa ya yi laushi sai ya riƙa saki da kansa a babban gudu. Ɗaure shi ya yi tauri. Wasu sukan cire shi ɗungum su sa hannun ƙarfe. Ni ban ba da wannan shawara ga wanda kayan gyaransa sai sun ƙetaro teku ba, domin karon farko da bakin kwalbati haƙoran sarbo ne za su biya. Amma fa kada a ɗaure gaɓoɓi har su cije. Cire sandar daga sarbo, ka karkata motar: tayoyi su faɗa dama da hagu da nauyin kansu. Sitiyarin da ke cijewa ba ya komawa tsakiya, wannan kuwa ya fi wasa sharri.

Sai gwajin sarbon kansa, wanda zai gaya maka ko da gaske kana bukatar sabo. Manna tsinken tsintsiya a hannunsa da salatif, sa farar takarda a ƙarƙashi. Murɗa dama ka saki, yi alama inda tsinken ya tsaya. Murɗa hagu ka saki, yi alama. Maimaita sau goma. In alamomin suka taru wuri ɗaya, sarbonka lafiya lau. In suka rabu gida biyu, to tsakiyarsa biyu ce, kuma ba saitin da zai gyara shi. A nan ne kaɗai zan ce ka saya, ka nemi mai haƙoran ƙarfe, na dijital, mai ƙarfin riƙo. A jikin kwalinsa za ka ga lamba biyu, ɗaya ta sauri, misali daƙiƙa 0.10 a digiri 60, ɗaya ta ƙarfi da kilo. Ga mai gudun miƙe, ta ƙarfin da iya komawa tsakiya sun fi ta saurin muhimmanci.

In wasa ya kau, sai neman tsakiya. Mayar da duk maɓallan daidaitawa na rimot zuwa sifiri, cire hannun sarbo, kunna mota sarbo ya tsaya inda ya ga dama, sa'an nan ka mayar da hannun a haƙorin da ya fi kusa da miƙe. Ɗan abin da ya rage ka cike shi da wurin da aka rubuta SUB TRIM, ko ka gyara tsawon sanda. Sandar dama da ta hagu su zama tsawo ɗaya, a auna da ruwla, kada a yi da ido. Wanda ya bar hannun sarbo a karkace ya gyara da maɓallin ST TRIM kaɗai, zai samu mota mai karya dama fiye da hagu, kuma sai gudu ya yi gudu zai sani.

Tun kana wurin, dubi hannun sarbon da kyau. Yawancinsu rami biyu ko uku gare su. Mayar da sandar ramin da ya fi kusa da gindi. Wannan ɗan aiki na minti biyar ya fi duk abin da za ka danna a rimot albarka, kuma ga dalili: in ka rage tsawon hannun da rabi, karyar taya ta ragu da rabi, ƙarfin da sarbo ke riƙe taya da shi ya ninka, wasan haƙoransa kuma rabinsa ne zai isa taya. Rage karya ta rimot kuwa, tafiyar sarbo kaɗai yake taƙaitawa, wasan yana nan yadda yake. Riba uku a ciniki ɗaya, ko a kasuwar Adjamé ba kullum ake samun haka ba.

Yanzu a ɗauki rimot. Abu uku ne a ciki, kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko EPA, shi ne iyakar tafiyar sarbo kowane gefe. Murɗa har ƙarshe, in ka ji sarbo yana kuka don ya tokare, rage har ya yi shiru, dama daban hagu daban. Wannan sau ɗaya ake yi a manta da shi. Na biyu ST D/R, wanda ke rage karyar gefen biyu tare, kuma a yawancin rimot ɗan maɓalli ne da babban yatsa ke kaiwa ana cikin tuƙi. Don gudun miƙe, fara da kashi 30 cikin 100 in ba ka taɓa ramin hannun sarbo ba, ko 50 zuwa 60 in ka matsar. Ka sani dai mota za ta bukaci fili mai faɗin fiye da mita 3 kafin ta juyo a ƙarshen hanya. Wasu sukan ƙara maɓallin su juyo, su sake ragewa kafin su taka, sai dai ranar da aka manta ragewa ita ce ranar jiran kaya daga waje.

Na uku shi ne EXP, wanda ni nake kira tausasa tsakiya. Ba ya rage iyakar karya. Abin da yake yi, in hannunka yana kusa da tsakiya taya ta motsa kaɗan ƙwarai, in ka yi nisa ta biyo ka da sauri ta cimma. Kashi 30 zuwa 40 ya isa farawa. Haɗa kashi 30 na ST D/R da 40 na EXP, za ka ga digiri ɗaya a hannu ya koma wajen kashi ɗaya cikin biyar na digiri a taya, watau daidai abin da lissafinmu ya nema. A kula: a rimot na Futaba lambar ragi ce ke tausasawa, a na wasu kamfanoni kuma ta ƙari ce. Kada ka yarda da abin da wani ya gaya maka, sa lambar ka murɗa kaɗan ka kalli taya. Kada kuma a zarce, wanda ya kai 70 ko 80 zai ji tsakiya ta mutu, ya ƙara murɗawa, motar ta fizge shi lokaci guda.

Daga nan sai zaman tayoyi, abin da masu gareji ke rubutawa parallélisme a allonsu. Tayoyin baya, in ka dube su daga sama, za ka ga gabansu ya ɗan kalli juna, yawanci digiri 2 zuwa 3. Wannan ne ke riƙe gindin mota kada ya wuce kanta. Yana cin gudu kaɗan, shi ya sa ƙwararru kan rage shi zuwa digiri 1 ko 2, amma mai koyo ya bar shi yadda ya zo. Na gaba kuwa, motocin tsere a fili mai kwana sukan zo da gabansu a ɗan buɗe don su shiga kwana da zafi, mu kuwa ba zafi muke nema ba. A miƙar da su sak, ko su ɗan kalli juna. Auna tsakanin bakin tayoyin biyu ta gaba, ka auna ta baya. In na gaba ya gaza na baya da milimita ɗaya, ya wadatar. Tsayuwar taya ma a duba, samanta ya ɗan kwanto ciki digiri ɗaya ko ƙasa da haka, kamar mai ɗan gwame, dama da hagu daidai.

Akwai kuma kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta. Dubi keke ko babur daga gefe, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye yake ba, samansa ya kwanta baya. Shi ya sa yaran unguwa ke sakin hannu keke ya ci gaba da miƙewa. Mota ma haka. In taka tana da wurin ƙara wannan kwanciya, daga digiri 4 zuwa 6 misali, ƙara. Tayoyi za su riƙa neman tsakiya da kansu.

Taya mai faɗin milimita 65 tana juyawa fiye da sau 8,000 a minti in mota na kilomita 100, ninki goma na tayar woro-woro a wannan gudu. Robar da ba ta da zare a ciki kumbura take yi ta zama kamar faifai, wurin da ke taɓa ƙasa ya koma siriri, in gam ya saki a gefe ɗaya kuma sai ta tsage. Nemi taya mai zare a ciki ko ta soso. Kowace taya a sa ta a sanda mai boris a sake ta: in kullum gefe ɗaya ke sauka ƙasa, manna ɗan ƙullun roba a cikin ɗaya gefen har ta daina zaɓe. Tayar gaba marar daidaito ita ke girgiza sanduna, ita ke haifar da wasan da ka sha wahalar kashewa.

Iska ma tana da hannu. Ita ma ninki huɗu take yi in gudu ya ninka biyu, in ta shiga ƙarƙashin hanci sai ta ɗaga shi, tayoyin gaba su yi sakayau, ka murɗa ba amsa, daga nan sai mota ta tashi sama kamar takarda. A sauke motar ƙasa, gaba ya fi baya sauka da milimita 2 ko 3, a sa mai mai kauri a shakazoba, a matsar da batir gaba in da hali, a huda bayan murfin don iskar da ta shiga ta samu mafita.

Na bar jairo a baya da gangan, domin shi kowa ke rugawa ya saya. Mai gyaran waya ya san shi, ɗan'uwan wanda ke cikin waya ne da ke gane an juya ta. A mota, in ya ji gindi ya fara zamewa sai ya karya tayoyin gaba ya tare, tun kafin idonka ya gani. Traxxas suna kiran nasu TSM, Spektrum suna kiran nasu AVC, rimot masu sauƙin kuɗi irin Radiolink da Dumborc ma suna da akwatin karɓar saƙo mai jairo a ciki. Yana aiki, ba musu. Amma sharuɗɗa gare shi. A manna shi a kwance da salatif mai soso, a bar mota ta natsu 'yan daƙiƙu bayan an kunna. A gwada alƙiblarsa: ɗaga mota ka juya hancinta dama da sauri, tayoyi su karya hagu. In suka bi hancin, a juye yake, kuma zai jefar da motar da hannunsa. Ƙarfinsa a fara da kashi 20 zuwa 30, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har a ga mota ta fara kaɗa kai da sauri sauri a miƙe, sai a koma baya. Ƙarfin da ya yi daidai a kilomita 50 yakan yi yawa a 90. Jairo a kan sitiyari mai wasa kuwa, wasan zai yi ta kora, rawar ta fi ta da.

Saura wurin gudu, kuma a nan ba na wasa. Mota mai kilo 2 a gudun kilomita 100, bugunta daidai yake da buhun shinkafa mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya da rabi, kuma a idon sawu take sauka. Ana bukatar miƙaƙƙiyar kwalta mita 200 zuwa 300, don tsayawa kaɗai tana cin fiye da mita 50. Titunan Treichville a miƙe suke kamar an ja da ruwla, gaskiya ne, amma kowace 'yar tafiya mahaɗa ce, ga mai garba a wannan kusurwa, ga yaran lakwal a waccan. Boulevard Nangui Abrogoua kuwa ko da asuba ba ya rabuwa da mutane. Babbar hanya da gada, kada ma a yi tunaninsu. Masu kafa tarihin da muka ambata a filin jirgin sama da aka rufe suke yi. A nemi filin ajiye motoci ko harabar wani kamfani ranar Lahadi, a nemi izinin mai gadi da mai wuri, a share kwaltar da tsintsiya, a tsayar da mutum a kowane ƙarshe. Mun san zamanmu a garin nan: in motar ta karya ƙafar ɗan maƙwabci, ba za a ce wane ne ya yi ba, cewa za a yi Hausawa ne, ko da a asibitin Treichville aka yanke maka cibiya.

Kafin a taka, a gwada abu biyu. Ɗaga tayoyi sama, ba da wuta kaɗan, kashe rimot: inji ya tsaya nan take. In ya ci gaba, saita abin da aka rubuta FAIL SAFE kafin motar ta taɓa ƙasa. Sa'an nan abokinka ya ɗauke ta ya tafi har ƙarshen fili, kana murɗawa yana ɗaga hannu in ta amsa. Waɗanda suka yi wasan nan a shekarun 1990 za su tuna rimot na 27 MHz mai doguwar eriya, da yadda mutum biyu masu kiristal iri ɗaya ke tuƙa motar juna. Na 2.4 GHz da suka bazu daga tsakiyar shekarun 2000 sun raba mu da wannan, amma eriyarsu 'yar guntuwa ba ta son a binne ta ƙarƙashin batir. A tsayar da ita sama.

Tsaya a tsakiyar tsawon filin, gefe, a kan wani abu mai ɗan tudu. Ja kunama a hankali, a ƙirga uku ko huɗu kafin ta ƙure, a sake ta a hankali, birki ma haka, domin sakin wuta farat ɗaya nauyi yake jefawa gaba, gindi ya yi sakayau. In mota ta fara kaucewa kaɗan, ƙyale ta in akwai fili, ko ka rage wuta. Gyara ɗaya mai taushi, ba uku ba. Ka tuna in tana fuskantarka damanta hagunka ne. Fara da batir mai ɗaki biyu, sai ta yi tafiya goma a miƙe ba gardama sa'an nan a koma mai uku. Abu ɗaya ake sakewa a kowace tafiya, a rubuta a littafi, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi magani ba.

Wanda ba shi da na'urar GPS ta auna gudu, ya auna mita 50 ya sa alama biyu, a ɗauki bidiyo da waya. Daƙiƙa 3 kilomita 60 ne, daƙiƙa 2 kilomita 90, daƙiƙa 1.8 kuwa 100 cif. In an tashi, a goge motar, a ɗiga mai a boris da ƙwallayen sanduna, don iskar lagun da ta teku ba ta barin ƙarfe, musamman daga Mayu zuwa Yuli. Sitiyarin da aka bari sumul yakan wayi gari yana cijewa bayan mako biyu a ƙarƙashin gado.

Masu janareto, ku tanadi fulogi da sukundireba. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.